Aikin ɗaure ƙashin baya da ƙarfe: Abin da ya kamata ka sani kafin ka sa hannu



Watanni uku da suka wuce wani dattijo ya shigo kantin maganin da nake aiki a nan Abuja, riƙe da babbar ambulan irin wadda ake saka hoton asibiti a ciki. Na san shi. Ya fi shekara biyu yana zuwa sayen maganin hawan jini, kuma kusan duk zuwa sai ya haɗa da katin Diclofenac. Ma'aikaci ne a Sakatariyar Tarayya, gidansa kuwa a Mararaba, don haka duk wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ya san awa nawa bawan Allah nan yake yi a zaune cikin mota safe da yamma. A ranar bai zo sayen komai ba. Ya ajiye ambulan a kan kanta ya ce, "'Yata, duba min wannan. An ce sai an ɗaure min baya da ƙarfe."

Na ce, "Baba, wa ya ce?"

Ashe wani dillali ne daga cikin masu shirya wa mutane tafiya asibiti a Indiya. Ya karɓi hoton MRI ɗin ta WhatsApp, ya tura can, bayan kwana biyu amsa ta dawo da sunan aikin da kuɗinsa a dala. Babu wanda ya taɓa bayan dattijon nan, babu wanda ya sa shi ya taka ya gani, babu wanda ya buga masa gwiwa da 'yar gudumar nan ta likitoci. Shi kuwa har ya fara neman mai sayen filinsa, wanda ya tanada don ginin da zai koma idan ya yi ritaya.

Na tambaye shi inda ciwon yake. Ya ce a ƙugu ne, ba ya sauka ƙafa. Ya fi tsanani idan ya daɗe a zaune, idan ya tashi ya ɗan taka sai ya lafa. Ƙafafunsa da ƙarfinsu, fitsari da bayan gida lafiya lau, ba ya zazzaɓi, bai rame ba. Na gaya masa gaskiya cewa ni ba likitar tiyata ba ce, aikina harhaɗa magunguna ne, ba ni da hurumin cewa a yi ko kada a yi. Amma na roƙe shi kada ya sayar da filin nan sai ya ga likitan ƙashin baya ido da ido, ya kuma yi masa wasu tambayoyi. Su ne zan kawo maka yau mai karatu, domin na san akwai irin wannan ambulan a gidaje da yawa.

Yadda ake aikin

Ƙashin baya jerin ƙananan gaɓoɓi ne 33 da aka ɗora kan juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari yake manne, 5 a ƙugu, sauran 9 na can ƙasa kuma galibi sukan haɗe da kansu idan mutum ya girma. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani matashi na guringuntsi mai kama da faifai, bayansa da tauri cikinsa da laushi, shi yake shanye nauyi da jijjiga. Ta tsakiyar jerin nan laka ta ratsa, jijiyoyi kuma suna fita ta gefe zuwa hannuwa da ƙafafu. Idan ka ga an rubuta L4 ko L5 a takardar hotonka, gaɓa ta huɗu da ta biyar ta ƙugu ake nufi, S1 kuma ita ce ta ƙasansu. A nan yawancin matsala take taruwa, don nan ne nauyin jiki yake sauka.

Aikin da muke magana a kai, wanda za ka ji likitoci suna kira fiyushan da Turanci, shi ne a mayar da gaɓa biyu ko fiye su zama ƙashi ɗaya. Likita zai ɗaura kusoshi a jikin gaɓoɓin, ya haɗa su da sandunan ƙarfe, galibi na taitaniyam, sannan ya zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakani, wani lokaci daga ƙugun mutumin aka ɗebo shi. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfen ne maganin. Ƙarfen tallafi ne kawai, kamar katakon da magina suke kafawa kafin kankare ya bushe. Ainihin aikin jiki ne yake yin sa, shi zai tsiro da sabon ƙashi ya like gaɓoɓin, kuma hakan yana cin watanni, wani ma har shekara ko fiye. Idan ƙashin bai kama ba, ƙarfen yakan gaji, kusa ta saki ko sanda ta karye.

Abu na biyu da nake so ka riƙe: ba a warware shi. Gaɓar da aka haɗe ta daina motsi ke nan har abada. Motsin da take yi a da kuma ba ɓacewa yake ba, yana komawa kan gaɓar sama da ta ƙasa, su ɗauki aikin da ba nasu ba. Shi ya sa wasu bayan shekaru sukan dawo da ciwo a maƙwabciyar gaɓar, har a sake buɗe su a ƙara tsawon ƙarfen.

Tarihin aikin ma yana nuna dalilin yin sa. A 1911 wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, kowanne da tasa dabarar, suka fara haɗe gaɓoɓin baya, kuma masu tarin fuka na ƙashin baya suke yi wa, waɗanda cutar ta cinye musu ƙashi har baya ya fara rushewa. Wato tun asali an ƙirƙiro aikin ne don bayan da ba ya iya tsayawa da kansa. Daga baya ne aka faɗaɗa shi har ya kai ga masu ciwon ƙugu irin na yau da kullum, kuma a nan ne gardama take.

Inda jinkiri yake da haɗari

Kafin in shiga gardamar, bari in fara da ɗaya ɓangaren, don kada wani ya karanta rabi ya ce na hana shi zuwa asibiti. A garinmu waɗanda suke bukatar aikin nan su makara suna da yawa, ƙila ma sun fi waɗanda ake yi wa ba bisa ƙa'ida ba.

Idan gaɓa ta karye a haɗarin mota ko faɗowa daga bene ko bishiya har baya ya rasa tsayuwa, ɗaure shi da ƙarfe yana iya zama abin da zai raba mutum da keken guragu. Irin wannan ba na mai ɗori ba ne, kuma ba a naɗe shi a kujerar bayan mota, a shimfiɗe kan katako ake ɗaukarsa. Haka idan ciwon daji ya bazu zuwa ƙashin baya, kamar yadda sankarar mama da ta furostet suke yi, ko ƙwayar cuta ta cinye gaɓa. Haka yaro ko yarinyar da bayanta yake karkacewa yana ƙaruwa, likitoci sukan fara maganar tiyata idan karkatar ta kai wajen digiri 45 zuwa 50. Haka kuma gaɓar da ta zame gaba a kan 'yar uwarta, tana ci gaba da zamewa tana danne jijiya.

Tarin fuka na ƙashin baya kuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma ba kowa ya san cutar tana barin huhu ta shiga ƙashi ba. Mai ita ba lallai ya yi tari ba. Ciwon baya ne da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, daga baya wani ɗan tudu ya fito a gadon baya kamar farkon ƙusumbi. Na taɓa ganin wani matashi ɗan kabu-kabu da ya shafe wajen wata takwas tsakanin maganin basir na kwalba da ƙwayoyin kashe ciwo, sai da ƙafafunsa suka fara ja sannan aka kai shi asibiti. Da an gano da wuri, da magani kaɗai zai iya isa, domin yawancin masu wannan cuta da ƙwayoyi suke warkewa, na wata 12, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Shi dai sai da aka haɗa masa da tiyata.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan mai ciwon baya ya kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida suka fara zubo masa ba da saninsa ba, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ƙafa ta fara mutuwa yana jan ta, to a tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne. Jijiyoyin da suke can ƙasa ne aka matse, kuma awanni suna da muhimmanci.

Hoto ba shi ne ciwo ba

To amma yawancin masu ciwon baya ba sa cikin waɗancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma kusan 9 cikin kowane 10 ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ga mafarin ciwon. Dattijon nan nawa a wannan rukuni alamunsa suka fi kama da shi.

Abin da ya tsorata shi takardar bayanin hoton ce. An rubuta faifai ya bushe, faifai ya kumburo, gaɓa ta fara lalacewa. Duk wanda ya karanta haka game da jikinsa dole gabansa ya faɗi. Sai dai ga wani abu da ba a cika gaya wa mutane ba. Tun a 1994 wasu masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, sai aka tarar fiye da rabinsu faifansu ya kumburo a wuri ɗaya ko fiye. A 2015 aka tattara bincike masu yawa irin wannan, aka ga cewa a cikin lafiyayyu 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 suna da alamar tsufan faifai, a cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Wato furfura ce ta cikin jiki. Idan aka tara ma'aikatan ofishinku gaba ɗaya aka saka su a na'urar, yawancin waɗanda suka haura 50 za su fito da takarda mai ban tsoro, alhali suna hawa bene suna sauka lafiya. Wanda bai ga mara lafiya ba, hoto kawai ya gani, ba shi da hanyar sanin ko abin da ya gani shi ne mai ciwon.

Ko faifan da ya fashe ya danne jijiya, mai sa ciwo ya harba daga ƙugu zuwa ɗuwawu har tafin ƙafa, yawanci yakan lafa cikin makonni zuwa 'yan watanni, jiki ma yakan tsotse ɓangaren da ya fito. Idan ya ƙi lafawa, aikin da aka saba yi shi ne a cire ɗan guntun da ya danne jijiyar, ba tare da ƙarfe ba. Ƙaramin aiki ne idan aka gwada shi da ɗauri.

An gwada ɗaurin kansa a kan masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Wani bincike a Swidin a 2001 ya nuna ya fi gashin ƙashi irin na sama-sama. Amma da aka gwada shi da tsararren shiri na motsa jiki tare da koya wa mutum yadda zai daina tsoron motsi, a Nowe a 2003, ba a ga wani bambanci ba. A Birtaniya kuma aka raba mutum 349 gida biyu, sakamakon ya fito a 2005: bayan shekara biyu duka ɓangarorin sun samu sauƙi, ratar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tura motsa jiki ba su bukaci wuƙa ba a tsawon lokacin. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a yi wa mai ciwon ƙugu zalla wannan aiki sai dai a cikin bincike. Ƙasa ce da gwamnati take biyan kuɗin aikin, likitan ba ya samun ƙari don ya yanka. Ni dai wannan ya isa ya sa in yi tunani sau biyu idan wanda zai ci riba da tafiyata shi ne mai gaya min dole in tafi.

Za ka ji ana kawo misalin Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf, wanda aka haɗe masa gaɓar ƙasan ƙugu a watan Afrilun 2017 ya dawo ya lashe gasar Masters a 2019. Gaskiya ne. Amma kafin nan an yi masa aikin baya har sau uku, kuma a ƙarshen 2020 ya sake kwanciya aka yi masa wani. Masu ba da labarin sukan tsaya a kofin.

Akwai rukuni na tsakiya da ya fi shafar iyayenmu. Da tsufa hanyar da jijiyoyi suke bi takan tsuke, sai ka ga tsohuwa ta yi 'yar tafiya ƙafafu sun yi nauyi sun ɗau zafi, sai ta zauna ko ta sunkuya sannan ta samu sauƙi. Idan abin ya yi tsanani tiyata tana taimakawa sosai, a buɗe hanyar a sarara wa jijiyoyin. Tambayar ita ce, a haɗa da ƙarfe ko a bar shi haka? A 2016 binciken Swidin kan mutum 247 ya nuna ƙarin ƙarfen bai ƙara sauƙi ba bayan shekara biyu da kuma biyar, sai dai ya ƙara zubar jini da kuɗi da kwanan asibiti, wajen kwana 7 maimakon 4. A shekarar dai wani ƙaramin bincike a Amurka kan mutum 66 masu zamewar gaɓa ya ga ɗan amfani ga ƙarfen, kuma waɗanda aka ɗaure ba a cika sake yi musu aiki ba. Sai a 2021 binciken Nowe kan mutum 267 ya sake nuna buɗe hanyar kaɗai ya wadatar ga yawancinsu. Ka ga ke nan ƙwararru ma suna saɓani a nan, kuma likita biyu masu gaskiya za su iya ba ka shawara biyu. Ba laifi ba ne ka nemi jin ta bakin na biyun.

Abin da nake gani daga bayan kanta

Yanzu bari in dawo fagena. Mutane da yawa suna cewa "na gwada komai bai yi ba, saura tiyata." Idan na bincika, komai ɗin nan ƙwayoyi ne. Diclofenac da safe, Ibuprofen da rana, Piroxicam da dare, ba tare da sanin cewa duk dangi ɗaya ne ba. Haɗa su ba ya ƙara kashe ciwo, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake ƙarawa, yana kuma tayar da hawan jini, abin da ya sa dattijon nan awonsa ya ƙi sauka duk da yana shan maganinsa. Waɗannan magunguna suna da amfani, amma mafi ƙarancin adadi na mafi gajeren lokaci, kuma mai ciwon ƙoda ko olsa ko mai juna biyu sai da izinin likita.

Tramadol kuwa, wanda NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne, duk wanda ka gani an rubuta 225 ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Ko na halas ɗin ba maganin daɗaɗɗen ciwon baya ba ne. A 2023 wani bincike a Ostireliya ya gwada wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi na wannan dangi da ƙwayar da babu magani a cikinta a kan masu sabon ciwon baya da na wuya, bayan mako shida ba a ga ya fi ta ba. Pregabalin ma da ake yawan rubutawa don ciwon da ke sauka ƙafa, an gwada shi a 2017 bai fi ƙwayar bogi ba, jiri kawai ya ƙara. Wanda kuma ya daɗe a kan Tramadol kafin tiyata, shi ya fi wahalar shawo kan ciwonsa bayan an yi.

Wanda ya fi damuna shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a leda a tasha da kasuwa, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban, a ce na ciwon jiki ne. Sau da yawa akwai Dexamethasone ko Prednisolone a ciki. Mutum zai ji garau, shi ya sa yake komawa. Amma shan su na tsawon lokaci yana tayar da suga, yana rage garkuwar jiki, yana kuma mayar da ƙashi kamar busasshen burodi. Ƙashi irin wannan ba ya riƙe kusa. 'Yan uwana mata masu shan irin waɗannan ƙwayoyi don ƙiba ko hasken fata, wannan magana ta shafe ku, musamman da yake ƙashin mace yana ƙara rauni bayan ɗaukewar al'ada. Kuma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, a hankali ake janye shi ƙarƙashin kulawar likita.

Bel ɗin ɗaure ƙugu ma muna sayar da shi, ba zan ɓoye ba, amma ƙa'idojin jinya ba su goyi bayan dogaro da shi ba. Haka doguwar kwanciya. Abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne wanda mutane suka fi rainawa: tafiya a ƙasa kullum, da atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya a hannun likitan fisiyo na tsawon watanni, da rage ƙiba, da gyara barci, da tashi a miƙe duk bayan rabin awa ga mai aikin zama. Zuwa gashi sau uku a saka maka fitila mai zafi ka dawo gida ba shi ne an gwada ba. Kafin a ce hanyar da ba ta wuƙa ba ta gaza, sai an bi ta da gaske wata uku zuwa shida.

Idan kuwa an tabbatar aikin ya zama dole, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shan sigari ko shisha ya daina tun makonni kafin ranar, domin nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, kuma an daɗe da sanin cewa mashaya taba su suka fi fuskantar ƙashi ya ƙi kamawa. Mai ciwon suga ya daidaita shi, don sugan da ya hau yana gayyato ƙwayar cuta cikin rauni, cutar da ta shiga jikin ƙarfe kuwa fitar da ita aiki ne. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka kai wa likita, har da jiƙo da garin magani da na Musulunci, kada ka ji kunya. Masu shan maganin tsinka jini irin su Warfarin da Clopidogrel da Aspirin, likita ne zai faɗi ranar tsayawa da ranar komawa, kada ka yanke da kanka. Bayan aikin ma kada ka koma kan Diclofenac sai ka tambaya, likitoci da yawa suna hana shi a watannin farko saboda yana iya rage saurin kamawar ƙashi.

Tambayoyin da za ka shiga da su

Ga abin da na rubuta wa dattijon nan a bayan takardar rasit. Ta farko, kuma uwar sauran: Likita, wace gaɓa ce take motsin da bai kamata ba, kuma a ina ka gani? Sau da yawa ana ɗaukar hoton ƙashi a tsaye, mutum ya sunkuya a ɗauka ya miƙe a ɗauka, don a ga ko gaɓar tana zamewa, abin da MRI da ake ɗauka a kwance ba lallai ya nuna ba. Sai ka tambaya, ciwon baya aikin zai magance ko na ƙafa? Tiyatar baya ta fi iya maganin ciwon da ke sauka ƙafa. Idan na jira wata shida me zai faru, akwai abin da zai lalace da ba zai gyaru ba? Za a iya buɗe wa jijiyar hanya kawai ba tare da ƙarfe ba? Gaɓa nawa za a haɗe? Irin wannan aiki nawa kake yi a shekara, kuma a cikin marasa lafiyarka nawa ne aka sake buɗewa? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi. Ka shiga da ɗanka ko matarka su riƙa rubutawa, don mai ciwo ba ya riƙe rabin abin da aka gaya masa.

Ka kuma yi tambayoyin rayuwa, waɗanda likitan wata ƙasa ba zai tuna da su ba. Yaushe zan koma ruku'u da sujada, wata nawa zan yi ina Sallah a kujera? Masan gidanmu na tsugunno ne, sai na canza? Yaushe zan iya zaman mota daga Kubwa ko Lugbe zuwa ofis? Mace ta tambayi batun goyo da ɗaukar yaro da wanki a sunkuye, da kuma haihuwa idan tana sa rai.

Masu niyyar fita waje, ba na cewa kada a fita, akwai ƙwararrun gaske a Indiya da Masar. Amma ka sani aikin ba ya ƙarewa ranar da ka sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Idan rauni ya fara ruwa bayan mako uku, wa zai duba ka? Ka samu likita a gida da ya yarda zai karɓe ka tun kafin ka tafi. Ka dawo da cikakken bayanin aikin a rubuce da sunan kamfanin da ya ƙera kusoshin, domin kowane kamfani da irin makullinsa, wanda zai cire ko ya gyara sai ya san wane ne a jikinka. A gida kuma akwai inda za a fara: Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, duk suna da likitocin ƙashi, kuma likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ma suna wannan aiki. Mai inshorar NHIA ya nemi a ba shi a rubuce abin da za a biya masa da wanda zai biya da kansa, musamman kuɗin ƙarfen, wanda shi ne yakan cinye kaso mai tsoka.

Dattijon nan ya bi layi ya ga likitan ƙashin baya a wani asibitin gwamnati. An kwantar da shi an ɗaga ƙafafunsa, an sa shi ya taka da dunduniya da kan yatsu, an ɗauki hoton nan na tsaye, ba a ga gaɓar da take zamewa ba. Aka tura shi sashen fisiyo, aka kuma aike shi awon ƙoda saboda shekarun da ya yi yana shan Diclofenac, sakamakon ya nuna ta fara taɓuwa, dole ya bar shi. Ranar Asabar da ta wuce ya zo karɓar maganin hawan jininsa. Na ce, "Baba, ya bayan?" Ya ce ciwon yana nan, musamman ranar Litinin idan hanya ta cushe, amma yanzu yana fitowa tun bayan Asuba don ya riga cunkoso, ya ajiye mota ya zaga harabar ofis da ƙafa kafin a buɗe. Likitan ya ce ya dawo bayan wata uku a sake dubawa, ko kuma nan take idan ƙafa ta fara nauyi. Dillalin kuwa har yanzu yana kiransa, wai kuɗin zai tashi idan ya wuce ƙarshen wata.